An rubuta wa 'yata gilashi, ko akwai hanyar gyara mata gani ba tare da shi ba?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, don Allah wanda ya sani ya taimaka. 'Yata shekararta tara, tana aji huɗu na firamare. Malamarsu ce ta kira ni ta ce yarinyar ba ta ganin allo sai ta taso ta dawo gaba, kuma ko a gaban ma sai ta ƙanƙance ido. Muka kai ta asibiti aka auna, aka ce ganin nesa ne ya yi mata rauni, aka rubuta mata gilashi, -2.00 a dama, -1.75 a hagu. Ni kaina tun ina aji biyu a ƙaramar sakandare nake sa tabarau. Da -1.50 na fara, yau ina -5.00. Uwar mijina ta ce kada a kuskura a sa mata, ai gilashin ne ya cinye mini ido, in ba haka ba me ya sa lambar take ta hawa? Na rasa amsar da zan ba ta, don nima abin yana raina. Na ga masu koyar da motsa ido a waya, da rufe ido da tafin hannu, da fuskantar rana da hantsi, da cin karas. Akwai wanda ya gwada ya ga amfani? Tausayin yarinyar nake ji, kada ta tashi yadda na tashi, in na ajiye tabarau ko fuskar mai sallama ba na ganewa.

UmmuSudais:
Wa alaikumussalam. Allah ya ba ta lafiya. Ni dai shawarata ki dage mata da karas da zogale da hanta, ki kuma raba ta da waya. Gilashi a wannan shekarun ya yi wuri.

Sadiq_Samaru:
Yaya, ni na gwada motsa idon nan kuma na ga canji. Lokacin da nake rubuta furojet ɗina na ajin ƙarshe, kwana nake a gaban kwamfuta. Sai na fara ganin nesa dishi-dishi, ko lambar mota ba na iya karantawa. Wata biyu na yi ina kallon yatsana in kalli nesa, ina rufe ido da tafi minti biyar safe da yamma. Wallahi ganina ya dawo garau, har yau ban sa gilashi ba.

MaiAwonIdo_KD:
Maman Ilham, awon ido da yanka gilashi shi ne aikina, shekara goma sha ɗaya ke nan. Bari in fara da tambayar Hajiya, uwar mijinki, don tambaya ce mai ma'ana, kuma kusan kullum sai an yi mini ita.

Ƙwayar idon jariri gajera ce, wajen milimita 17 daga gaba zuwa baya. Tana girma tare da yaro har ta tsaya a wajen 23 zuwa 24. A wasu yaran sai ta zarce. Idan ta zarce, hoton abin da ke nesa sai ya haɗu kafin ya isa bangon bayan ido, shi ne ake gani dishi-dishi. Ƙarin milimita ɗaya tak yana kawo kusan -2.50 zuwa -3.00. To, wannan tsawon yana ƙaruwa ne a shekarun da yaro yake girma, ya sa gilashi ko bai sa ba, yawanci sai ya lafa bayan shekara ashirin. Ke kin fara sa tabarau daidai lokacin da idonki yake cikin tsawo, shi ya sa aka ɗora wa tabarau laifi. Kamar a ce takalmi ne ya sa ƙafar yaro girma saboda duk shekara sai an canza lamba.

An ma taɓa gwada zancen nan. A Malesiya an raba yara kashi biyu, aka ba wasu cikakkiyar lambarsu, wasu aka rage musu da gangan da tunanin idon zai yi ƙoƙari da kansa. Sakamakon ya fito a 2002: waɗanda aka rage wa nasu ne ya fi saurin lalacewa. Don haka ki yanka mata gilashin, cikakke yadda aka rubuta. Motsa ido ba ya gajarta ƙwayar idon da ta riga ta yi tsawo.

Sadiq_Samaru:
To Likita, ni nawa fa? Ƙarya na yi ke nan?

MaiAwonIdo_KD:
A'a ƙanina, na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Naka daban ne. A cikin ido akwai wata 'yar tsoka da ke matse madubin ido idan za a kalli abu na kusa. In mutum ya daɗe yana kallon kusa ba hutu, tana iya ƙagewa, kamar yadda hannu ke ƙagewa in an daɗe ana wanki. Sai nesa ya dushe na wani lokaci. Da ka ba ta hutu, ka gama furojet, sai ta saki. Shi ya sa in za mu auna yaro muke ɗiga masa maganin da ke kwantar da tsokar nan tukuna, don mu raba na gaske da na gajiya. Maman Ilham, an ɗiga mata magani kafin awo, har ta yi ta ƙorafin haske?

Maman_Ilham:
An ɗiga mata, mun jira kusan awa ɗaya. Ranar ko littafi ba ta iya karantawa ba sai washegari.

MaiAwonIdo_KD:
To lambar tata ta gaske ce.

Abu_Hanif:
Ni abin da ke damuna, mun bar sunna mun kama na Bature. Ya zo a hadisin Ibn Abbas, wanda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, cewa ismid yana ƙara hasken gani yana kuma fitar da gashi. Iyayenmu da kwalli suka tashi, ga su nan har tsufa suna zura zare a allura. A riƙa sa wa yarinya tozali da dare.

Malam_Zage:
Malam Abu Hanif, hadisin yana nan kamar yadda ka faɗa, Allah ya saka da alheri. Sai dai a yi hattara wuri biyu. Na farko, ismid dutse ne sananne, kuma ba duk abin da ake niƙawa a zuba a tandu a kasuwanninmu ne ismid ba. Da yawa dutsen dalma ne, mai ƙyalli, shi ya sa yake kama ido da kyau. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Najeriya a birnin Boston da aka samu dalma ta yi yawa a jininsa. Da aka bi diddigi, tozalin da ake sa masa ne, aka auna aka samu sama da kashi 80 cikin ɗari dalma ce. Yaro yana murza ido ya kai hannu baki. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 bai kamata mu ɗauki wannan da wasa ba. Na biyu, babu malamin da na sani da ya ce sa tabarau ya saɓa wa sunna. Neman magani ai umarni ne. Malamanmu nawa ne ke jan baƙi a tafsiri da tabarau a fuska?

Abu_Hanif:
Na karɓi gyara a kan na kasuwa, Malam. Amma wanda ya samu ismid na asali daga hannun amintacce, ni ina nan a kan ya yi amfani da shi.

Hajiya_Zango:
Gaisuwa daga Kumasi. Maganar tsofaffi masu zura allura ta tuna mini da mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta. Ta yi shekara ashirin tana karatun Alƙur'ani da tabarau. Tana da wajen saba'in sai ta ajiye shi, ta ce idonta ya dawo, tana karatu haka nan. Muka yi ta murna, muka ce zumar da take sha ce da habbatus sauda. Ashe yanar ido ce ta fara. Likita ya ce idan madubin ido ya fara tauri da duhu, yakan canza yadda yake karya haske, sai kusa ya fito, nesa ya tafi. Shekara biyu bayan nan ko ƙofar ɗaki sai an riƙe mata hannu. Aka yi mata aiki aka sa mata sabon madubi, ta ga jikokinta kafin ta rasu. Duk wanda tsohonsa ya ce ganinsa ya dawo da kansa, ya kai shi a duba.

Baba_Gusau:
'Yata Maman Ilham, a cikin abin da kika lissafa akwai guda ɗaya da ya sa na kasa yin shiru, wato kallon rana. Ranar 29 ga Maris 2006 aka yi husufin rana, a nan Gusau gari ya yi duhu da safe kamar magariba, kaji suka nufi akurki. Ɗan ƙanena yana da shekara goma sha shida a lokacin. Aka yi ta faɗa a rediyo kada a kalla da ido tsirara, shi kuwa ya tsaya ya ƙura mata ido kafin ta gama rufewa. Bai ji zafi ba ko kaɗan, abin da ya yaudare shi ke nan. Da yamma ya ce yana ganin wani baƙin ɗigo a tsakiyar duk abin da ya kalla. Ya ragu daga baya, amma har yau idonsa na dama in yana karatu sai harafi ya ɓace masa a tsakiya. Yaro ba zai tsaya a kan "rufe ido ki fuskanci rana" ba, sai ya buɗe ya gwada. Kada garin neman gira a rasa ido.

Maman_Ilham:
Innalillahi. Na gode Baba, wannan kam na bar shi.

Nafisa_Karatu:
Na taɓa bin asalin waɗannan atisayen saboda nima na so in yar da nawa gilashin kafin bikina. Kusan dukkansu daga mutum ɗaya suka fito, wani likitan ido a birnin New York mai suna William Bates, wanda ya fitar da littafinsa a 1920. Shi a ganinsa tsokokin da ke kewaye da ido ne ke matse shi saboda damuwa, in an sassauta su gani zai dawo. Rufe ido da tafi, lilo da jiki, fuskantar rana, duk nasa ne. Likitocin zamaninsa ba su yarda da shi ba, kuma shekara ɗari ke nan ba a samu gwajin da ya nuna lambar ido ta sauka da hanyarsa ba. Abin da masu bidiyo suke yi kawai sabuwar riga suke sa wa tsohon zance. Ni wata huɗu na yi ina yi. Abin da na samu shi ne na ƙware wajen cankar haruffa, na ɗauka gani ne ya ƙaru. Da aka sake auna ni, lambata tana nan inda take.

UmmuSudais:
To karas ɗin ma ƙarya ne? Tun muna firamare ake faɗa mana.

Nas_Rakiya:
Ba ƙarya ba ne Ummu Sudais, wurin aikinsa ne daban. Karas, manja, gwanda, mangwaro, zogale, alayyafo, kabewa, ƙwai da hanta suna ba jiki sinadarin bitamin A. Rashinsa shi ke kawo dundumi, yaro ya riƙa tuntuɓe da zarar magariba ta yi. In ya yi tsanani, musamman bayan ƙyanda, baƙin idon yakan bushe ya yi gyambo, ya bar hakiya ko ido ya mutu gaba ɗaya. Iyayenmu da suke gasa wa mai dundumi hanta sun yi daidai. Shi ya sa muke ɗiga wa yara 'yan wata shida zuwa shekara biyar jan ko shuɗin ƙwanson nan sau biyu a shekara, don Allah a daina ɓoye yara in mun zo. Amma yarinyar da take cin abinci mai kyau, ko buhun karas ta cinye, -2.00 ɗinta ba zai motsa ba.

Nafisa_Karatu:
Ƙari a kan na Anti Rakiya, zancen karas ya yi ƙarfi ne a Yaƙin Duniya na Biyu. Ingila ta samu na'urar rada da take gano jiragen Jamus cikin dare, sai aka baza labarin cewa matuƙan jiragen Ingila karas suke ci shi ya sa suke gani a duhu.

Tela_Fagge:
Ku gafarce ni in sako tawa. Shekarata arba'in da shida, ɗinki nake tun ina saurayi. Shekara uku da suka wuce na fara kasa zura zare, sai na kira yaron shago. Aikin hannu a wuyan riga na daina karɓa. Kunya ta hana ni sa gilashi, ina ganin za a ce na tsufa. Ba abin da ban ɗiga ba: ruwan albasa, zuma, wani magani da ake yawo da shi a mota da lasifika. Ruwan albasar nan kwana biyu idona yana ja kamar gauta. Ƙarshe wani abokina ya ja ni aka auna, aka ba ni +1.50 na karatu. Ranar da na sa na ga ramin allura, sai da na yi shiru na ɗan lokaci. Shekara biyu na yi asarar aiki a banza.

MaiAwonIdo_KD:
Malam Tela, naka kowa zai same shi in ya yi tsawon rai. Daga wajen shekara arba'in madubin ido yake fara tauri, ba ya lanƙwasuwa don kallon kusa. Ba cuta ba ce, kamar furfura ce. A jihar Assam ta Indiya an raba wa masu tsinkar ganyen shayi gilashin karatu, aka gwada su da waɗanda ba a ba ba, a 2018 aka fitar da sakamako: abin da suke tsinka a rana ya ƙaru da kusan kashi 22 cikin ɗari. Ina tuna telolinmu da masu ɗinkin hula da mata masu tsintar shinkafa duk lokacin da na tuna wannan.

Amma ina roƙon duk wanda ya haura arba'in, kada ya tsaya a sayen gilashi a tire a bakin kasuwa. A auna ƙarfin ruwan ido ko sau ɗaya, saboda hawan jinin ido. Hawan jinin ido ba ya ciwo, daga gefe yake cin gani, kafin mutum ya farga ya tafi, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna mutum huɗu cikin ɗari na 'yan shekara arba'in zuwa sama makafi ne. Yanar ido ce kan gaba wajen jawo makantar, hawan jinin ido na biye.

DanMaradi:
Gaskiya ne. Mu nan kawuna yanar ido ce ta rufe masa ido, aka kawo wani mai magani gida, ya soka masa wani abu kamar allura ya tura yanar ciki. Ranar ya ga haske, aka yi ta guɗa, aka ba mutumin rago da kuɗi. Sati bai cika ba ido ya kumbura, ciwo ya hana shi barci. Kafin mu kai shi asibiti mutumin ya bar gari, ido kuma ya tafi. Ɗayan idon a asibitin ido a Kano aka yi masa, da shi yake zuwa gona yanzu. Ni tun daga nan duk abin da aka ce "ba sai an je asibiti ba" ina tsoronsa.

Yaya_Bilki:
Allah ya kyauta. Haka lokacin afolo, mutane har ruwan sukari da nonon uwa da fitsari suke ɗigawa. Ga kuma maganin kemis mai sa ido ya yi fari nan take, a yi ta ɗiga wa yaro mai ƙaiƙayin ido wata da watanni.

MaiAwonIdo_KD:
Wannan na ƙarshen, Yaya Bilki, ya fi ba ni tsoro. Yawancinsu akwai sitiroyid a ciki. Yana kwantar da ƙaiƙayi, amma in aka daɗe ana sa shi ba likita yana iya ta da ƙarfin ruwan ido ko ya kawo yanar ido tun da ƙuruciya. Na ga 'yan shekara goma sha da abin ya shafa.

Maman_Ilham:
Na gode ƙwarai, na ƙaru. Amma Likita, har yanzu zuciyata ba ta kwanta ba. Ke nan ba abin da zan iya yi mata sai in zuba ido lambar ta yi ta hawa har ta kamo tawa? Ga ƙanenta kuma ɗan shekara biyar.

MaiAwonIdo_KD:
Akwai, kuma kyauta ne: waje. Hasken rana na fili, ba kallon ranar ba, zama da wasa a cikinsa. A Guangzhou ta ƙasar Sin an ƙara wa 'yan aji ɗaya na wasu makarantu minti 40 a waje kullum. Bayan shekara uku, kashi 30 cikin ɗari ne suka kamu da raunin ganin nesa, a makarantun da ba a ƙara ba kuwa kusan kashi 40. Taiwan ta mai da shi tsarin makarantu tun 2010, awa biyu a waje kowace rana. Ya fi aiki wajen hana abin farawa, don haka ƙanenta ne zai fi cin moriya, tunda ke kina da shi kuma yana bin jini. Ita ma zai amfane ta. Ko a inuwar bishiya ne ya wadatar, hasken can ya ninka na ɗaki nesa ba kusa ba.

Sai karatu: kada ta kifa fuska a kan littafi, kuma duk minti 20 ta ɗaga kai ta kalli abu mai nisa na daƙiƙa 20. Wannan don gajiya ne, ba ya sauke lamba. A mayar da ita awo duk shekara, ko wata shida in kin ga ta fara ƙanƙance ido a cikin gilashin. In lambar tana gudu, ki tambayi likita game da ɗigon atrofin mai rauni da ake sa wa yara da dare, da wasu gilasai na musamman masu rage saurin tsawon idon. Shi ƙaramin ma a auna shi yanzu. In ido ɗaya ya fi ɗaya rauni ba a gano ba har ya wuce shekara bakwai ko takwas, ƙwaƙwalwa takan yi watsi da raunannen, gyaransa ya yi wuya.

Malama_Hadiza:
Ni malamar firamare ce, kuma maganar waje ta taɓa ni. Ku duba ranar yaranmu na birni. Boko daga bakwai da rabi zuwa biyu, lesin, Islamiyya zuwa magariba, aikin gida, sai waya. Makarantu da yawa gidan haya ne, ko filin da za a yi 'yar gala-gala babu. Mu muna yara ana tashi sai langa da carafke a ƙofar gida har a kira sallah. Yanzu tsoron halin da ake ciki ya sa kowa ya kulle nasa. Awa biyun nan daga ina za a samo ta?

Baba_Gusau:
Tsakar gida ma waje ne, Malama. A shimfiɗa musu tabarma a can su yi aikin makaranta da la'asar maimakon ɗaki.

UmmuSudais:
Masu tsakar gida ke nan Baba. Mu a bene muke, sai baranda. Ni dai har yanzu ina ganin yarinya 'yar tara da gilashi abin tausayi ne, 'yan ajinsu za su sa ta gaba da tsokana.

Nafisa_Karatu:
An tsokane ni, ba na musu. Amma shekara biyun da na yi kafin a gane, ina kwafar rubutu daga littafin ta kusa da ni, ana ce mini daƙiƙiya, sun fi yi mini ciwo har yau.

Maman_Ilham:
Jiya na karanta wa Abbansu duk abin da kuka rubuta, ya ce gobe Asabar mu je a yanka, ita za ta zaɓi firam ɗin da take so. Ƙaramin ma za mu tafi da shi. Saura Hajiya. Shi ya ce zai yi mata bayani da misalin takalmin nan, ni kuma ina tunanin in roƙe ta ta raka mu, tunda ta kwana biyu tana cewa tana ganin hayaƙi-hayaƙi da idon hagu. Likita, in mun je za a iya duba ta a ranar, ko sai an sake ba mu wata rana?

MaiAwonIdo_KD:
Ya danganta da asibitin, amma ku yi sammako ku yankar mata kati tare da na yaran. In tana da ciwon suga ko hawan jini ku tafi da magungunanta a gani. Za a iya ɗiga mata maganin buɗe ido, don haka a riƙe mata hannu a hanyar dawowa.